Wace na'urar sanyaya mai fanka ce za ta dace da Ryzen 7 5800X?

Ɗan Fagge:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar haɗa kwamfuta. Kwamfutata ta tebur tana ɗauke da furosesa (ƙwaƙwalwar lissafin kwamfuta) Ryzen 5 3600 a kan madabod (babban allon da ake jona sassan kwamfuta a kai) ƙirar B450, kuma na'urar sanyaya Wraith Stealth da ta zo cikin kwalinsa ce nake amfani da ita. Yanzu ina shirin komawa Ryzen 7 5800X saboda aikin tace bidiyo, tunda soket ɗinsu ɗaya ne, wato AM4, sai dai shi ba ya zuwa da na'urar sanyaya. Ba na sha'awar mai ruwa, domin ina gudun ranar da famfonta zai tsaya. Guda uku nake dubawa: Cooler Master Hyper 212, da Thermalright Peerless Assassin 120 SE, da Noctua NH-D15. Takardar akwatin kwamfutar ta nuna yana ɗaukar na'ura mai tsayin milimita 160, RAM ɗina kuwa, wato ma'ajiyar bayanai ta wucin gadi, Corsair Vengeance RGB Pro ne. A Kano nake, kuma ɗakin babu na'urar sanyaya ɗaki. Wacce za ku ba ni shawarar in saya?

Mai Gyara:

Wa alaikumus salam, Malam. Akwatinka ya riga ya cire maka ɗaya daga cikin ukun. Tsayin NH-D15 tare da fankarta milimita 165 ne, saboda haka murfin gefe ba zai rufu ba, duk kuwa da cewa babu mai musun ingancinta. Peerless Assassin 120 SE milimita 155 ce, za ta shiga, amma akwai wani abin da masu saye kan manta da shi. Fankar gaba a irin waɗannan na'urori masu hasumiya biyu, wato jerin faifayen alminiyam biyu a tsaye, tana zama ne a saman ramukan RAM, kuma naka dogo ne, kusan milimita 51, saboda fitilun da ke kansa. Dole a ɗaga fankar sama kafin ta wuce shi, alhali milimita 5 kacal ta rage tsakaninta da murfi. Mafita ita ce ka bar fanka ɗaya a tsakiyar hasumiyoyin, ka mayar da ta biyun bayan na'urar idan akwai wuri, ta riƙa jan iska zuwa fankar bayan akwati. Bambancin zafin da wannan zai haifar kaɗan ne.

Bazazzage:

Na yarda da abin da Malam Mai Gyara ya faɗa game da awo, amma ina so in ja hankalinka a kan zafin da za ka gani, don kada hankalinka ya tashi bayan ka kashe kuɗinka. An rubuta wat 105 a kan 5800X, sai dai a aiki mai nauyi AMD, kamfanin da ke ƙera shi, ta ba shi damar jan har wat 142, yayin da 3600 ɗinka mai wat 65 yake tsayawa a 88. Bayan haka, duka sassan lissafinsa takwas suna cunkushe ne a kan ƙwaya guda ƙarama, don haka zafin yana taruwa a ɗan mitsitsin wuri, kuma ba ya saurin ratsa murfin ƙarfen ya isa gindin na'urar. Shi ya sa ko da babbar na'ura za ka gan shi ya haura digiri 80 lokacin tace bidiyo. Iyakarsa digiri 90 ce, idan ya kai nan shi da kansa yake rage gudu.

Abu na biyu shi ne ɗakinka. Na'ura mai fanka iskar ɗaki take hurawa a kan faifayen alminiyam, ba ta da wata hanyar sanyi da ta wuce wannan. Masu gwaji a Turai da Amurka galibi a ɗaki mai digiri 20 da 'yan kai suke aunawa, mu kuwa a watan Afrilu zafin Kano kan kai 40. Kusan duk digirin da ya ƙaru a ɗaki sai ya bayyana a kan furosesa. A ganina wannan ne ya kayar da Hyper 212 a wurinka: hasumiya ɗaya ce da bututun jan ƙarfe huɗu, za ta riƙe shi, amma da ƙarar fanka mai yawa da raguwar gudu a tsakiyar bazara. Peerless Assassin tana da bututu shida da fanka biyu, kuma kuɗinta bai kai rabin na Noctua ba. Idan ka ɗaura ta, ka shiga BIOS, wato manhajar saitin madabod, ka gwada saitin rage wuta mai suna Curve Optimizer, domin rage ƙarfin wutar da furosesa ke sha yakan sauke zafi ba tare da asarar gudu ba.

Ɗan Fagge:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Zan tsaya a kan Peerless Assassin. Akwai abin da ya kamata in kiyaye ranar ɗaurawa?

Mai Gyara:

Akwai, Malam. Kafin ka cire tsohon furosesa, ka sabunta BIOS, domin yawancin madabod ƙirar B450 ba sa gane jerin Ryzen 5000 sai an yi haka, kuma da 3600 ɗin za ka yi sabuntawar. Sannan ka bar kwamfutar ta yi aiki na ɗan lokaci kafin ka kashe ta, saboda man isar da zafi da ke tsakanin furosesa da na'urar ya yi laushi, ka murɗa tsohuwar a hankali hagu da dama, kada ka fizge ta sama. A soket AM4 furosesa kan biyo na'urar ya fito, ƙafafunsa su lanƙwashe. Farantin ƙarfen da ke bayan madabod kada ka jefar da shi, a kansa sabuwar za ta zauna. Ka ɓare ledar da ke manne a gindinta, ka ɗiga man kamar ƙwayar wake a tsakiya, ka ɗaure kusoshin biyu kaɗan-kaɗan, wannan bayan wancan, sannan ka jona wayar fankokin a inda aka rubuta CPU_FAN. Da zarar hunturu ya shigo kuma, ka riƙa buɗe akwatin kana hure ƙurar da ke maƙalewa tsakanin faifayen, kana riƙe da fankar da yatsa don kada iska ta juya ta.