Gara na cinye dashen mangwaro a harabar makaranta, ina mafita?

Assalamu alaikum, masana dashe da tsara fili. A wata firamare ta karkarar Gumel an dasa mangwaro don inuwa, tazarar mita 10, rami santimita 60 zurfi da faɗi. Ƙasar rairayi ce, sai aka cakuɗa ta da kashin shanu, kwano biyu kowane rami. Ban ruwa bokiti guda da yamma, an kuma kewaye da ƙaya saboda awaki.

Ba a jima ba ganye ya yanƙwane. Da aka tona, ashe gara ta ƙwaƙule bawon saiwar. Ina zargin takin ne bai ruɓe ba. Toka za ta kore ta, ko sai magani? Sannan a sake dashen yanzu, ko a bari damina ta zauna?