Nama da zafin bazara: wa ya taɓa gwada ledar nano?

Mahauci, Kasuwar Kara: Assalamu alaikum. A watan Afrilu, lokacin da zafin Sakkwato ke haura digiri 40, naman da na ɗauko daga mayanka da hantsi yakan fara yauƙi kafin la'asar, ga shi wuta ba ta tsayawa balle firji ya yi sanyi. Ɗana ya ce akwai wata leda, wai ledar nano, da ake haɗawa da ƙananan ƙwayoyin azurfa masu kashe ƙwayoyin cuta. Ina neman wanda ya gani da idonsa.

Ɗaliba, fannin likitancin dabbobi: Wa alaikumus salam, Baba. Na yi aiki da ƙwayoyin azurfar a ɗakin gwaji. Girmansu tsakanin nanomita 1 zuwa 100 ne, nanomita kuwa kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita. Na shafa ƙwayoyin cutar Salmonella da E. coli a farantin gwaji, na ɗiga ruwan azurfar a tsakiya, washegari na tarar da da'ira wasai a kewayen ɗigon, babu abin da ya tsiro a cikinta, domin azurfar tana huda fatar ƙwayar cutar ta kuma dagula mata aiki daga ciki. Amma da na maimaita a kan niƙaƙƙen nama sai ƙarfinta ya ragu sosai, saboda furotin da gishirin da ke cikin nama suna kama azurfar su riƙe ta. A ganina tana jinkirta lalacewa ne kawai, ba ta wanke naman da ya riga ya sha ƙuda a kan tebur.

Mai abincin biki, Mabera: Alhaji, ni na sayi wasu robobin ajiya da aka rubuta akwai azurfa a jikinsu, kuɗinsu kuma ba kaɗan ba. Ranar da wuta ta kwana biyu ba ta zo ba, kajin da ke ciki sun yi wari daidai da na cikin roba ta gari, duka na zubar. Abin da ya fi damuna ma shi ne ko ƙwayoyin azurfar suna zuba cikin abinci, tunda Tarayyar Turai ta hana sa titaniyam dayoksaid, wani sinadari mai sa abinci ya yi fari, a abinci a 2022 bisa fargabar illar ƙananan ƙwayoyinsa ga jiki.

Ɗalibar: Hajiya, ko da wuta ma a kula, ƙwayar cutar Listeria tana hayayyafa a firji mai digiri 4.

Mai kilishi: Ni abin da ya rage mini da yamma sai in fere shi siriri, in shanya a rana, gobe in tsoma a labu in gasa. Alhaji, ranar da nama ya yi maka kwantai ka aiko mini tun da azahar, mu daidaita farashi.