Haɗa waya da rediyon mota mai CD kawai

Mai tambaya: Salamu alaikum. Rediyon motata babu Bluetooth, babu ramin AUX (inda ake soka igiyar sauti daga waya). Yaya zan sa waƙa daga waya?

Amsa ta 1: Wa alaikumus salam. Nemi FM transmitter, ƙaramar na'ura mai aika sautin waya zuwa rediyo ta mitar FM, ka soka a ramin kunna sigari, ka haɗa shi da wayar ta Bluetooth. Zaɓi mitar da babu tasha a kanta, misali 87.9, ka kai rediyon daidai nan. In akwai tasha kusa, shuuu za ka riƙa ji, sai ka matsa zuwa wata mitar.

Amsa ta 2: Malam, a fara zaro rediyon tukuna. Wasu suna da soket na CD changer (na'urar da ke ɗaukar faifan CD da yawa) a baya, adaftar AUX tana shiga nan, sautin ya fi tsabta nesa ba kusa ba.

Amsa ta 3: Haka ne. In kana caji ka ji ƙara tana tashi da taka totur, daga cajar ne. Ground loop isolator, ƙaramar na'urar da ake sakawa a igiyar AUX, ke maganinta.