Neman shawara: ta ina zan fara karanta rahoton kuɗin kamfani?

Malamin Tudun Wada:

Assalamu alaikum, iyayena da 'yan uwana na wannan zaure. Ni malamin tarihi ne a wata sakandare da ke Tudun Wada, Zariya, kuma rabona da lissafi tun jarabawar kammala makaranta. Bara na kwashi adashin da muke zubawa a wurin aiki, na sayi hannun jari a wani kamfanin kayan abinci ta hannun dillali, ba don na san komai a kansa ba sai don ana cin kayansa a gidana. Makon jiya aka turo mini rahoton shekara, na kai shi wani shagon kwamfuta a PZ aka buga mini, ya fito sama da shafi 150. Kwana uku ke nan ina jujjuya shi bayan sallar isha'i, abin da na iya ganewa bai wuce hotunan daraktoci da jawabin shugaba ba, inda ya ce ciniki ya ƙaru kuma an ci riba. Amma a ƙarshen jawabin ya ce bana ba za a raba wa masu hannun jari komai ba.

Ina roƙon masana su nuna mini shafin da ya kamata in fara da shi, su kuma warware mini yadda za a ce an ci riba alhali babu abin rabawa. Sannan ina so in san yadda zan gane ko kamfanin ya nutse cikin bashin ruwa, domin wannan ya fi komai damuna. Allah ya saka da alheri.

Tsohon Akanta:

Wa alaikumus salam, Malam. A harabar Kongo ta Jami'ar Ahmadu Bello na karanta ilimin akanta, na kuma yi shekaru ina rubuta irin wannan rahoto kafin in yi ritaya, saboda haka ina tabbatar maka cewa daga cikin shafi 150 ɗin nan, waɗanda za ka fara da su ba su kai goma ba. Ka tsallake hotuna da jawabin shugaba tukuna, domin mai talla ba ya kushe hajarsa. Ka nemi bayanai guda uku da ke jere wuri ɗaya a tsakiyar littafin.

Na farko shi ne bayanin riba da asara, wanda ke ba da labarin shekara guda: abin da aka sayar, abin da aka kashe wajen samar da shi, albashi da sauran hidindimu, kuɗin ruwan bashi, haraji, sai abin da ya rage. Na biyu shi ne bayanin kadarori da basussuka, wanda ba labarin shekara ba ne, ƙidayar rana ɗaya ce, galibi 31 ga Disamba, kamar a rufe shago a lissafa abin da ke ciki da abin da ake bin mai shi. Dokarsa guda ce: kadarori daidai suke da bashin da ake bin kamfani haɗe da jarin masu shi. Na uku shi ne bayanin shige da ficen kuɗi, kuma a nan amsar tambayarka take.

Bari in kawo maka misali da shagon tireda a kasuwar Sabon Gari. A ce mai shagon ya yi cinikin naira miliyan 10 a shekara, kayan da ya sayar kuma ya saro su a kan miliyan 8, ka ga an samu miliyan 2 a tsakani. Haya da albashin yaro da man janareta sun ci naira 800,000. Yana da firiza da ya saya tun bara a kan naira 500,000, wadda ake sa ran za ta yi shekara biyar, saboda haka akanta yakan cire naira 100,000 duk shekara a matsayin tsufanta, ko da yake babu kwabon da ya fita daga aljihu bana. Riba a takarda ta zama naira miliyan 1.1, kuma babu ƙarya a ciki.

To, amma daga cikin cinikin nan, miliyan 1.5 bashi aka ɗauka, har shekara ta ƙare ba a biya ba. Ya kuma ƙara cika shagon da kayan naira 600,000 waɗanda ke jibge ba a saye ba, ko da yake manyan dilolin da yake sara a wurinsu sun ɗaga masa ƙafa a kan naira 400,000. Ka ɗauki miliyan 1.1, ka mayar mata da 100,000 ta firiza tunda ba ta fita ba, ka cire miliyan 1.5, ka cire 600,000, ka ƙara 400,000. Za ka tarar kuɗin hannunsa ya ragu da naira 500,000 a shekarar da ya ci riba. Idan uwargidansa ta ce ya ba ta rabonta daga ribar, me zai miƙa mata? Littafin bashi ko katan ɗin taliya?

Wannan lissafin shi ne sashen farko na bayani na uku, wato kuɗin da ainihin sana'ar ta kawo. Ka ajiye shi kusa da ribar bayan haraji, ka kwatanta. Idan shekara ɗaya ce suka saɓa, ba abin tayar da hankali ba ne. Idan kuwa shekara uku a jere riba na hawa kuɗin sana'a na sauka, ni dai a nan nake fara zargi. Sashe na biyu yana nuna abin da aka kashe wajen sayen injuna da gina masana'anta, na uku kuma rancen da aka karɓa ko aka biya da ribar da aka raba.

Hajiyar Sabon Gari:

Ƙanena, ban yi karatun Baba ba, amma shekarata ashirin ina sayar da atamfa, kuma abin da ya faɗa na ɗanɗana shi da sallar da ta wuce, lokacin da littafina ya cika da ciniki, na rasa kuɗin sarin kaya saboda rabin matan da suka ɗauka sai ƙarshen wata. Abin da zan ƙara kawai shi ne kada ka karanta shekara ɗaya ita kaɗai. Idan ciniki ya ƙaru da kashi 20 cikin ɗari amma farashin kaya ya tashi da kashi 30, to kayan da aka sayar raguwa suka yi, adadi ne kawai ya kumbura.

Ɗalibar Kongo:

Da izinin Baba, Malam, zan kawo wasu ƙananan abubuwa da suka ruɗa ni a ajin farko. Ka dubi saman kowane shafi: idan an rubuta N'000, kowane adadi sai ka ƙara masa sifili uku, wato 45,000 na nufin miliyan 45. Adadin da aka sa cikin baka kuwa ragi ne ko asara. Sau da yawa za ka ga layuka huɗu na adadi, biyu na rukunin kamfanonin gaba ɗaya, biyu na uwar kamfanin ita kaɗai, kowanne da bana da bara. Na rukunin za ka bi. Akwai kuma wata 'yar lamba kusa da kowane layi, wadda ke kai ka ga ƙarin bayani a ƙarshen littafin, inda za ka ga wanda ya ba da rance, da wane kuɗi, da ranar biya.

Batun wane kuɗi ba ƙarami ba ne. A watan Yunin 2023 Babban Bankin Najeriya ya saki naira kasuwa ta yanke mata farashi, ta faɗi daga wajen 460 a kan dala zuwa sama da 750 cikin 'yan kwanaki. MTN Nigeria ya ƙare wannan shekarar da asarar kusan naira biliyan 137 duk da cinikinsa ya ƙaru, Nestlé Nigeria ma asara ya bayyana, kuma dalilin duka biyun shi ne nauyin da ke kansu na dala ya kumbura da aka juya shi zuwa naira. Wanda ya tsaya a layin ƙarshe zai ɗauka mutane sun daina kira ko sun daina sayen Maggi.

Tun 2012 kamfanonin da ke kasuwar hannun jari suke bin ƙa'idar rubuta rahoton kuɗi ta duniya da ake kira IFRS, shi ya sa tsarin rahotanninsu yake kusan iri ɗaya, idan ka iya guda ka kama hanyar sauran, in ban da na bankuna da inshora. Ƙa'idar kasuwar hannun jari ta Najeriya, wato NGX, ita ce a miƙa rahoton shekara da aka bincika cikin kwana 90, na wata uku-uku kuma cikin kwana 30, kuma ana samunsu kyauta a shafinta na intanet. Kada ka manta da wasiƙar odita, wato mai binciken asusu na waje, amma kada ka ɗauke ta rantsuwa: a 2006 an gano cewa an yi shekaru ana kumbura asusun Cadbury Nigeria, alhali ana bincika shi duk shekara.

Malamin Samaru:

Game da bashin ruwa, Malam, ma'aunin da aka fi ambato shi ne na hukumar AAOIFI da ke Bahrain, mai tsara ƙa'idojin harkar kuɗi ta Musulunci. Sharaɗin farko sana'ar kanta ta zama halal, sannan bashin da ke da ruwa kada ya wuce kashi 30 cikin ɗari na darajar kamfanin a kasuwa, kuɗin shigar da bai halatta ba kuma kada ya wuce kashi 5 na duk kuɗin shiga, kuma ana fitar da wannan kason daga ribar da aka karɓa a ba da shi sadaka. Darajar kasuwa ita ce farashin hannun jari guda sau yawan hannayen jarin duka. Ka tara rancen gajeren zango da na dogon zango kawai, kada ka haɗa da kuɗin da masu kawo kaya ke bi, domin wannan bashin ciniki ne. Akwai malaman da ba su yarda da wannan sassaucin ba sam, saboda haka ka kai wa malaminka adadin, shi ya ba ka hukunci.

Malamin Tudun Wada:

Na gode ƙwarai, Baba, da Hajiya da sauran malamai. Daren jiya na bi abin da kuka ce da jan biro. Kuɗin sana'ar kamfanin bai ragu ba, har ya ɗan ɗara ribar, amma a sashe na biyu na ga an kashe kusan ninki biyunsa wajen sayen injuna, a na uku kuma an karɓi sabon rance. Shin wannan alamar alheri ce ko akasinta?

Tsohon Akanta:

Madalla, Malam, ka gano inda ribarka ta shiga da kanka. Wannan ya fi halin mai tiredar da na ba ka labari sauƙi, domin sana'ar tana kawo kuɗi, daraktoci ne suka zaɓi su zuba shi a faɗaɗa masana'anta, suka kuma ranto cikon. Ko zaɓin ya yi daidai, rahoton bana ba zai iya faɗa maka ba, sai na baɗi da na shekarar da ke biye, idan ciniki ya ƙaru gwargwadon injunan. Abin da za ka iya aunawa yau shi ne ko kamfanin zai iya ɗaukar nauyin rancen: ka raba ribar sana'a, wadda ake samu kafin a cire kuɗin ruwa da haraji, da kuɗin ruwan da aka biya bana. Idan ta ninka shi sau huɗu ko biyar akwai sarari, idan kuwa ba ta kai sau biyu ba, ni ba zan ƙara ko sisi a ciki ba. Ka buɗe ƙarin bayanin da ke kan rancen, ka duba ko da naira aka karɓe shi ko da dala, da nawa ne wa'adinsa zai cika cikin wata goma sha biyu, ka turo mana adadin a nan mu duba tare.