Python kyauta ne ko ba kyauta ba ne?

Abba Kofar Mata: Salamu alaikum 'yan zaure. Raina a ɓace yake. Wata uku ina haɗa wa wani kamfanin magunguna manhajar lissafin kaya da yaren kwamfuta na Python. Ranar biya lauyansu ya ce sai na kawo lasisin duk abin da ke ciki. Na buɗe, sai ga laburaren kod na wasu da suka zo a cikin Python: OpenSSL, SQLite, zlib, expat, Tcl/Tk, kowanne da mai shi, kowanne da takardarsa. Yau sati biyu kuɗina na maƙale. Ni dai ra'ayina, duk mai fitar da yaren kwamfuta ya ba mu nasa kaɗai, kayan wasu mu ɗauko da hannunmu. An ce mana kyauta ne.

Malam Habu: Wa alaikumus salam. Abba, wa ya ce maka kyauta? 'Yanci aka ce. Richard Stallman tun 1983 da ya fara GNU, aikin samar da manhajoji masu 'yanci, maganarsa ke nan: ka karanta kod, ka gyara, ka raba. Ba maganar kuɗi ba ce.

Sadiq: Malam, nawa ka biya da ka sauke Python? Ko sisi. To kyauta ne.

Malam Habu: Kyautar da aka kafa mata sharaɗi fa?

Sadiq: Ko filin da aka ba ka aka ce ka gina masallaci kyauta ne, da sharaɗinsa.

Nura Zariya: Wannan waƙafi ne, ba kyauta ba. Kada ku jefa mu cikin fiƙihu.

Sadiq: Kai Nura ina ruwanka, kai da Windows ɗinka ko rajista ba ta da shi.

Nura Zariya: Ta zo da kwamfutar! Ku 'yan Linux kun fi kowa surutu, a nau'o'in Linux na Debian da Ubuntu ko venv, mai ware wa kowane aikin Python muhallinsa, ba ya aiki sai ka sake sauko da python3-venv.

Malam Habu: Da dalili. Su ba sa son a dunƙule laburaren wani a cikin wani, saboda in aka gano ɓaraka a gyara wuri ɗaya. Shi ne ma abin da Abba yake nema.

Ummi: Yaya Abba, da me ka yi fuskar manhajar, Tkinter ko PyQt? Don waɗanda ka lissafa duk masu sauƙi ne. SQLite ba shi da haƙƙin mallaka a kansa, expat lasisin MIT ne, sanarwarsu kawai za ka bari a ciki. OpenSSL ya koma Apache 2.0 tun fitowar 3.0 a 2021. Kuma akwai shafin tarihi da lasisi a takardun Python da ya jera yawancinsu, ka buga wa lauyan.

Abba Kofar Mata: PyQt ne.

Ummi: To nan gizo ke saƙar. PyQt ko dai GPL, lasisin da ke wajabta ka buɗe kod ɗinka ga duk wanda ka ba manhajar, ko ka sayi lasisin kasuwanci. Kuma bai zo da Python ba, kai ka sauko da shi da pip, manhajar sauko da laburaren Python.

Sadiq: Kun ji ko? GPL annoba ce, duk abin da ta taɓa ta cinye.

Malam Habu: Sadiq, janye kalmar annoba. Ba don GPL ba da yanzu Linux na aljihun wani kamfani.

Sadiq: Ba zan janye ba. Ka tambayi masu manhajar CLISP, saboda laburaren readline mai lasisin GPL kaɗai suka mayar da aikinsu GPL. Apple ma libedit take sakawa maimakonsa.

Malam Habu: Apple ce shaidarka? Allah Sarki.

Nura Zariya: Shi Sadiq tun da ya sayi MacBook ba a sha ruwa a zauren nan.

Sadiq: Da guminmu muka saya.

Bashir Maraɗi: Ni maganar Abba ta farko ban yarda da ita ba. A nan inda data take da tsada, yaro ya sauke abu ɗaya ya samu sqlite3 da pip a ciki, ai rahama ce. Kafin 3.4 a 2014 shi kansa pip sai ka nemo shi daban. Na koyar a lokacin, rabin aji a nan suke karaya.

Sadiq: Bashir, kyauta ne ko ba kyauta ba?

Bashir Maraɗi: Ban shiga wannan ba.

Abba Kofar Mata: Jama'a ni kuɗina nake magana.

Ummi: Yaya, ka duba PySide a madadin PyQt, shi LGPL ne, lasisin da ya fi GPL sassauci, sauyin ba shi da yawa. Zan turo maka ta akwati.

Malam Habu (shugaban zaure): To mu rufe haka. Abin da aka cim ma: an yarda cewa 'yanci ne ba kyauta ba, kuma tsarin Debian na raba kaya shi ne daidai. Kalmar annoba ba ta da gurbi a zauren nan. Abba ya karanta lasisi kafin ya karɓi kwangila.

Sadiq: Wa ya yarda? Malam, ƙirga mu.