Neman shawara: Pentax K1000 tana fito da jan haske a hoto

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Kyamarar fim Pentax K1000 ce da gilashin (lens) SMC Pentax-M 50mm f/2. Fim ɗin da aka wanke ya fito da jan haske a gefen hotuna, allurar mitar auna haske ba ta motsi, cikin gilashin kuma akwai wani fari-fari kamar saƙar gizo. A gyara ko a haƙura?

Mai gyaran kyamara: Wa alaikumus salam. A gyara, Malam. Tun daga 1976 har 1997 ake ƙera ta, duk aikinta na ƙarfe ne da sifirin, batir mita kawai yake wa aiki. Jan hasken nan ta baya yake shiga, shi ya sa ya yi ja, don sai ya ratsa bayan fim. Buɗe murfin baya ka taɓa soson da ke wajen maɗaurin ƙofa. In ya manne maka a yatsa, ya mutu. Kankare shi da tsinken sakace da ɗan sifirit, ka bari ya bushe, ka liƙa sabo mai kaurin milimita 1 zuwa 1.5. Siraran ramukan sama da ƙasa kuwa baƙin zaren ulu ya ishe su. Akwai wani soson a saman madubi, shi ma a canza, amma kada sifirit ya taɓa allon saita hoto da ke samansa. Roba ce, tana dusashewa.

Wata mai ɗaukar hoto: Batun mita, sa sabon batir LR44 ko SR44, ka goge mazauninsa in ya yi tsatsa. Gwaji: sa ASA (saurin fim) a 100, ka juya maɓallin saurin shota zuwa B. Allura ta hau sama ta tsaya, batir lafiya. Mitar ba ta da makunni, haske ke tashe ta, saboda haka rufe gilashi da murfinsa in ka gama. Ko ta ƙi ma ba a fasa hoto: da rana tsaka, fim mai ASA 200, sa buɗin gilashi a f/16, saurin shota a 1/250.

Wani tsohon mai hoto: Saƙar gizon nan funfuna ce, ɗana, laimar damina ke kawo ta, musamman in an bar kyamara cikin jakar fata. Haska tocila ta baya. In a gefe take, ɗauki hotonka, da wuya ka ga bambanci. In ta kai tsakiya, kai wa mai gyara, don in ta daɗe tana cin rufin gilashin, tabon kuma ba ya fita.

Mai gyaran kyamara: Haka ne Baba. Sai dai wannan 50mm f/2 tana da yawa a kasuwa, wani lokaci sayen wata ya fi kuɗin gyara sauƙi, kuma kowane gilashi mai bakin K (mahaɗin Pentax) da zoben f (na saita buɗin gilashi) zai hau. Kafin ka saya, sa ta a f/16, ka tura ɗan hannun da ke bayanta ka saki. Ganyayyakin da ke tsuke ramin hasken su koma nan take. In suna jan jiki, mai ya malalo musu, hotuna za su riƙa yin fari. Ajiya kuma cikin roba mai murfi da buhunan silika, a riƙa busar da buhunan. Da hunturu a hure ƙura da famfon roba kafin a sa ƙyalle.