Kalmar "phishing" ta tsaya mini a wuya, shiri gobe da la'asar

Maman Ilham: Assalamu alaikum. Gobe ƙarfe 4 zan gabatar da shiri a rediyo kan tsaron imel, kuma kalma ɗaya ta hana ni gama rubutu: phishing. Irin saƙon nan da zai zo maka kamar daga bankinka, a ce za a rufe asusunka in ba ka latsa nan ka saka kalmar sirri ba. Na rubuta "damfara ta intanet", edita ya soke, wai ta yi faɗi, ko 419 ma ai damfara ce. Don Allah a agaza mini da abin da tsohuwa a ƙauye za ta ji ta gane.

Baban Zahra: Wa alaikumus salam Hajiya. Fatsa. Masu Turancin ma daga fishing, wato kamun kifi, suka ɗauko ta, suka sauya harafin farko kawai, tun tsakiyar shekarun 1990 da ake yi wa masu amfani da AOL, wani kamfanin intanet na Amurka, wannan aika-aika. Saƙon shi ne koto, mahaɗin da za ka latsa shi ne ƙugiya, kai ne kifin. Saƙon fatsa, shi ke nan.

Ɗan Damagaram: Na goyi baya. Mu nan Nijar a takardun Faransanci hameçonnage ake rubutawa, daga hameçon, wato ƙugiya. Larabawa kuma tasayyud suka ce, daga farauta. Kowa dai hoton kamu ya gani.

Tsohon Tafinta: Ku yi a hankali. Rediyo ba takarda ba ce, mai sauraro ba ya komawa baya ya sake karantawa. A ce "hattara da fatsa" a kunnen mutumin Yawuri ko Argungu, ai bakin kogi hankalinsa zai tafi. Kuma a duba inda cutar take. Ƙa'idar da ake aika imel da ita, SMTP, Jon Postel ya rubuta ta a 1982, lokacin masu amfani da abin kaɗan ne, yawanci a jami'o'i da cibiyoyin bincike, an yarda da juna. Ba ta tambayar mai aikowa shaida. Kamar ambulan ne: duk sunan da ka ga dama za ka rubuta a matsayin mai aikowa, masinja ya kai. To mutumin da ya sa rigar banki alhali ba banki ba ne, muna da sunansa tun tuni: sojan gona. Saƙon sojan gona.

Injiniya: Allah ya gafarta Malam, sojan gona ta yi daidai, amma wurin wata kalmar ce, spoofing, wato ƙaryar adireshi. Ita an rage mata ƙarfi sosai. Akwai SPF, jerin sabobi, wato manyan kwamfutocin da aka yarda su aika saƙo da sunan wani kamfani. Akwai DKIM, hatimi ne da ake buga wa saƙon, in an taɓa shi a hanya hatimin ya ɓaci. Sai DMARC da ke faɗa wa mai karɓa abin da zai yi in binciken bai yi kyau ba, ya jefa saƙon cikin tarkace ko ya ƙi karɓa. Shi ya sa ɓarayin yanzu sukan yi rajistar adireshinsu na kansu mai kama da na gaske, su haɗa r da n wurin m, hatiminsu ya fita sumul. Abin da ya rage musu shi ne su sa ka miƙa sirrinka da hannunka. Haka aka yi wa John Podesta, shugaban yaƙin neman zaɓen Hillary Clinton a Amurka, a 2016: saƙo ne kamar daga Google, wai ya sauya kalmar sirri. Wannan koto ne tsagwaro. Ni ina bayan fatsa.

Ɗan Kurna: Duk kun yi nisa. Damfara da fatsa, a haɗa: DAMFATSA. Ya damfatse ni. An damfatse ta. Madamfatsi, madamfatsa. Ku faɗa da baki ku ji daɗinta. In mutanen Kanada masu Faransanci za su dunƙule kalmomi biyu su samu courriel, wato imel, har ta shiga ƙamus, mu me ya hana mu?

Baban Zahra: Ƙanena, damfatsa kamar sunan ciwon ciki.

Ɗan Kurna: Yaya, ko "yanar gizo" da aka fara faɗa ai dariya aka yi.

Malamin Hausa: Ni abin da ya fi damuna ba a taɓo shi ba. Tun daga sama kowa "imel", "imel". Kuna neman Hausar reshe alhali kun bar gindin da Turanci. Wasiƙar lantarki ake cewa. Kuma ƙirƙirar kalma aikin masana ne, ba a yin sa a tsaitsaye don wani yana sauri. Tun 1955 aka kafa Hukumar Hausa saboda irin wannan, yau kuma akwai sassan harsuna a Bayero da Zariya da Sakkwato.

Ɗan Damagaram: Ranka ya daɗe, wasiƙa Larabci ce, lantarki kuma Turanci ne da ya sha ruwan Hausa. Ina tsarkin? Sannan kullum in an ce masana sai a lissafo Kano da Zariya, kamar mu a Damagaram da Maraɗi aro muka yi.

Malamin Hausa: Ban ce aro kuka yi ba. Daidaitacciyar Hausa dai an san inda aka ɗora ta.

Tsohon Tafinta: Malam, shekara nawa ana koyar da "na'ura mai ƙwaƙwalwa"? Je kasuwa ka ji abin da ake cewa, kwamfuta. "Wayar tafi-da-gidanka" ma ta yi zamaninta, yau waya kawai ake cewa. Amma Majalisar Ɗinkin Duniya ta zauna daram, don kullum kunne yana jin ta a labarai. Ba na raina jami'a, can na yi karatu, sai dai bakin 'yan rediyo ya fi zaunar da kalma.

Malamin Hausa: Shi ya sa 'yan rediyon suke zaunar da kurakurai ma.

Ɗan Kurna: To tunda rediyo ke zaunarwa, Hajiya ki faɗi damfatsa sau uku gobe, mu gani.

Maman Ilham: Jama'a ku yi wa Allah, dare na yi, har yanzu shafi biyu gare ni. Ga abin da na rubuta, a duba mini: "Akwai wata damfara da ake kira saƙon fatsa. Ɓarawo zai yi sojan gona da sunan bankinka, ya jefo maka koto, don ka ba shi kalmar sirrinka da kanka. Kada ka latsa. Ka kira bankin ta lambar da ke bayan katinka." Daga nan sai in ci gaba da cewa fatsa kawai. Imel kuma zan bar ta imel, Malam ka yi haƙuri, minti 25 aka ba ni.

Injiniya: Ya yi. Ki ƙara cewa ba imel kaɗai ba ne, har ta tes da WhatsApp ana jefo shi. Kuma laifi ne a dokar laifukan intanet ta Najeriya ta 2015, an ambace shi da sunansa.

Tsohon Tafinta: Na haƙura, tunda sojan gona ya samu wurin zama. Amma har yanzu ina ganin za a samu mai kira ya tambayi kuɗin kifi.

Malamin Hausa: Fatsa dai Hausa ce, wannan ban musa ba. Sauran kuma na yi shiru, ba don na yarda ba.

Ɗan Kurna: Wace lamba ake kira a shirin? Ina da tambaya kan yadda aka damfatse wani maƙwabcina.